Ranar da Bijimi Ya Ƙone

Akwai wani ƙauri da har yau in na ji irinsa sai gabana ya faɗi, ko da wayar dutsen guga ce ta yi zafi a gidan maƙwabta. Ƙaurin ƙonanniyar waya ne, kuma duk inda na shaƙe shi sai ya mayar da ni wata Juma'a ta watan Zulƙida, a ɗakin saman benenmu da ke unguwar Zahir a Makka. Shekaru sun ja, yarinyar da nake goyo a lokacin yanzu ta fi ni tsawo, amma ranar nan ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni da maigidana duk a Makka aka haife mu, a lungu ɗaya na unguwar Tandabawi. Kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa, suka yi shekaru a hanya, da suka iso kuma ba su koma ba. Aikinsa gyaran asansir ne, wato na'urar nan da ke hawa da mutane saman bene, a manyan otal-otal na kusa da Harami. Aiki ne mai ban dariya in ka duba, domin shi mai gyaran asansir ba ya hawa asansir sai bayan ya gyara shi. In ya lalace a hawa na sama, da ƙafarsa zai hau, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Lokacin aikin Hajji kuwa, sai in yi kwanaki ban ga fuskarsa da rana ba.

Mutumin kirki ne, ba don mijina ba ne nake faɗa. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya furta a'a ba. Akwai wata kalma da mutanen ƙasar nan ke faɗa in ka roƙe su abu, su ce maka "abshir", ma'ana kwantar da hankalinka, ka ɗauka an gama. To shi wannan kalma ta zame masa kamar numfashi. Ƙanwarsa za ta sauya gida, abshir. Baƙo ya sauka daga Najeriya bai san hanyar asibiti ba, abshir. Famfon maƙwabci na yoyo, abshir. Na sha tsokanarsa cewa ranar da ungozoma ta ɗauko shi ba kuka ya yi ba, abshir ya ce mata. Sai ya yi dariya ya ce ai ni ma da abshir ɗin ya same ni, don haka kada in raina ta.

Abu ɗaya ne kawai a duniya yake yi don kansa, shi ne wasa da ƙananan jiragen ƙasa. Kada mai karatu ya ɗauka irin na yara ne da ake ja da zare. Waɗannan da wutar lantarki suke tafiya a kan siririn layin dogo, kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, amma komai nasa irin na gaske ne, har da fitila. Ya cika ɗakin saman bene da wani faffaɗan teburin katako, ya shimfiɗa layi ya zagaye shi, ya yi tasha, ya yi gada, ya gina wani tudu da soso da siminti ya shafa masa launin duwatsun Makka, layin ya hau ta gefensa. Ɗakin nan ya riga ɗakin kwananmu samun sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, wai zafi yana lanƙwasa masa dogo. Na yi wannan mitar har na gaji.

A cikin kawunan jiragensa akwai wani baƙi, irin na da mai bututun hayaƙi, wanda yake kira Bijimi. Mahaifinsa, wani tela mai ƙaramin ƙarfi, shi ya je har Jidda ya sayo masa shi ranar da ya sauke Alƙur'ani. Dalili kuwa, kakansa ya yi shekaru yana aikin shimfiɗa dogo a Sudan kafin ya samu abin tsallake teku, kuma da labarin jirgi ya rene su. Daga baya maigidana ya sayi wasu da suka fi Bijimi kyau da tsada, amma shi kaɗai yake goge wa ƙura da gefen rigarsa.

Abokin wannan hauka nasa ba kowa ba ne, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun suna yara suke tare, ta dalilinsa ma aka yi aurenmu. Halinsu kuwa ya yi hannun riga. Yayana ma'aikacin ofishin wata makaranta ne, kuma a danginmu sunansa sarkin ba-zan-iya-ba. In ka kawo masa abin da ya fi ƙarfinsa, zai dube ka cikin ido ya ce, "Wallahi wannan ba zan iya ba, amma ga abin da zan iya." A lokacin ina ganin wannan lalaci ne da aka sa wa riga mai kyau, kuma ban taɓa ɓoye masa ra'ayina ba.

A shekarar da nake ba da labari, ana gama azumi da 'yan kwanaki, maigidana ya dawo daga aiki ya zauna a kan matakala ya kasa ƙarasawa ciki. Na same shi ya dafe ƙirji, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. A asibiti suka ce jijiyar zuciyarsa ce ta tsuke, suka zura masa wani ɗan bututu ta wuyan hannu suka buɗe ta. Likitan bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce bana babu ɗaukar kaya, babu yawo a rana, babu rashin barci, in kuwa aka yi wasa, ta biyu ba lallai ta jira a iso asibiti ba. A gabana ya faɗa, kunnuwana suka ji.

Muna dawowa gida ya kama hannuna ya ce, "Na ba ki amana. Kada kowa ya ji, ko yayanki." Na ce don me? Ya ce ba ya so a riƙa kallonsa da idon tausayi, kuma kowa yana da nasa nauyin. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi lallashi, daga ƙarshe na ce na ɗauka. Aka gaya wa dangi wai wurin aiki ne suka tura shi garin Ɗa'if na 'yan kwanaki. Hutun da aka ba shi kuwa a ɗakin sama ya cinye shi, ina jiyo shi yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, ni kuma ina murna ya samu abin da zai zaunar da shi wuri ɗaya.

Abin da ya hana ni barci shi ne girkin Hajiya. Marigayiya surukata ta yi shekara da shekaru tana dafa tuwo da miyar kuka sadaka ga alhazan da suka zo daga gida, waɗanda shinkafar otal ta ishe su. Da tukunya ɗaya ta fara a Tandabawi, kafin ta rasu abin ya zama manyan tukwane, kuma ta bar wasiyya kada wutar nan ta mutu. Mata ne ke tuƙi, amma duk wahalar waje a wuyan maigidana take: shi ne kasuwar kayan miya tun kafin gari ya waye, shi ne ɗauko buhuna da tukwanen gas, shi ne rabo masauki-masauki da tsakar rana, sannan ya wuce wurin asansir ɗinsa. Kowace shekara in Zulƙida ta kama, Baffa, wato ƙanen mahaifinsa kuma babban gidan, yakan tara su ya tambaya wa zai riƙe girkin bana. Tambayar al'ada ce kawai, domin kafin ya rufe baki an riga an ce abshir.

Ranar Juma'ar nan ce aka sa za a zauna a gidanmu bayan magariba. Tun safe nake binsa. Na ce, "Abban yara, ka ji tsoron Allah ka ce musu bana ba za ka iya ba." Ya ce, "Sadakar mahaifiyata? Ga baƙin Allah? Da wane bakin?" Na ce to ka sake ni daga amanar in faɗa da nawa bakin. Ya ce, "Halas, maganar ta ƙare." Na koma kicin ina yanka albasa, na ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifin hawayena. Raina cike yake da haushin danginsa. Ina cewa a zuci, mutanen nan ba su da ido ne, ba su ga yadda ya rame ba?

Bayan la'asar yayana ya iso da wani kwali a hammata, yana washe baki. Ya sayo sabon kan jirgi shuɗi, irin na zamani mara bututu, kuma sun yi alkawari tun makon jiya za su gwada shi da Bijimi. Na haɗa shayi da na'ana'a na hau musu da shi, niyyata in ajiye in sauko. Yayana ya ce, "Zauna, ke ce alƙaliya yau, don mijin nan naki ba ya yarda an ka da shi." Na zauna a kan wani buhun tsummoki, ba don gasar ta dame ni ba, sai don ba na so idona ya bar kan mijina.

Ashe gwajin jirgi ba tsere ba ne, yadda na zata. Yayana ya ce kowane banza ya iya gudu, gwanin shi ne wanda ya iya tafiya a hankali bai tsaya ba. Ya ɗora shuɗin nasa a kan dogo, ya ɗan murɗa makunnin wutar kaɗan. Sai da na ƙura ido kafin na tabbatar yana motsi. Haka ya riƙa rarrafe kamar tururuwa, ba ƙara, ba fizga, ya bi ta mararrabar da layi ya rabu biyu ya wuce sumul, ya je ya tsaya daidai bakin tasha. Maigidana ya taɓe baki ya ce, "Ɗan gayu ne, ba laifi."

Aka ɗora Bijimi. Shi kam sai da aka ba shi wuta sosai kafin ya yi gurnani ya fizga gaba, ya ɗan tafi, ya yi tsalle a mararraba, ya tsaya cak sai da aka zungure shi da yatsa. Yayana ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Wannan ai tafiyar tsohuwar motar ɗaukar alhazai ce, a ba shi hanya kawai." Na ce a matsayina na alƙaliya, wannan zagaye na shuɗi ne. Maigidana ya dube ni ya ce dama jini ya fi aure kauri, amma a jira a zo wurin ja, nan ne ake sanin maza.

Gwajin ja kuwa a kan tudun nan ake yin sa. Suna da taragai buɗaɗɗu da maigidana ya cika da ƙwallon dabino da tsakuwa, sai a riƙa ƙara wa kan jirgi tarago ɗaya bayan ɗaya, a ga iya wanda zai haye da su. Shuɗin ya fara. Ya ja na farko-farko ba wahala, aka yi ta ƙara masa, yana hayewa yana saukowa. Can da jerin ya yi tsawo, ya kai tsakiyar tudu, sai na ji wani sauti, shiii, kamar ana wasa wuƙa. Na duba, jirgin yana tsaye wuri ɗaya amma ƙafafunsa suna ta juyawa a kan dogo, suna zamewa. Yayana ko a jikinsa. Ya kashe wuta, ya cire tarago ɗaya, ya sake kunnawa, jirgin ya haye abinsa. Ya ce, "Iyakarsa ke nan, ya faɗa min."

Maigidana ya yi wata dariya ta jin daɗi da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Ka gani? Irin mai shi. Da an taɓa shi sai ba zan iya ba." Sannan ya ɗauko Bijimi ya miƙa wa yayana ya ce ya ji nauyinsa. Yayana ya karɓa, hannunsa ya yi ƙasa. Ya ce, "Kai, me ka ɗura masa?" Nan ne na san abin da ake ta ƙwanƙwasawa a kwanakin jinya. Ya je wurin masu faci ya karɓo darmar da ake liƙa wa ƙafar mota, ya yayyanka ta ya cusa a duk wani gurbi da ke cikin jirgin, sannan ya naɗa wa manyan ƙafafun siririyar roba don su kama dogo gam.

Fuskar yayana ta sauya, ya daina dariya. Ya jujjuya jirgin ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, ka bar masa hanyar zamewa kuwa?" Maigidana ya ce, "Bijimi ba ya zamewa." Yayana ya ce, "Ai shi ne abin tsoron. Wanda ya ƙera shi da gangan ya bar shi haka. In kaya ya fi ƙarfinsa, ƙafa ta juya a banza, injin ya samu sauƙi, kai kuma ka ji ƙarar ka rage masa. In ka hana shi wannan, ta ina zai gaya maka?" Maigidana ya karɓe abinsa ya ce wannan maganar ragwaye ce, a jera taragai.

Gaskiya Bijimi ya ja. Ya ɗauki duk abin da shuɗin ya ɗauka ya haye da shi yana gurnani, ko gezau. Aka ƙara, ya haye. Aka sake ƙarawa, ya haye. Taragan ɗakin suka ƙare, maigidana ya ce a kawo na cikin kwalin yayana a haɗa. Idonsa yana ƙyalli kamar na yaro ranar sallah, ni ma kuma, Allah ya sani, sai da na ji wani alfahari ya taso min, na ce, "Yaya, ka sha kaye." Jerin ya yi tsawon da kan jirgin yana gindin tudu, wutsiyarsa tana can bayan tasha.

Maigidana ya murɗa wuta. Bijimi ya ja, taragai suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna ƙas-ƙas, ya kama hawa. Ya wuce inda shuɗin ya tsaya. Sai tafiyar ta fara raguwa, ta ragu, ta ragu, har ya tsaya. Ƙafafunsa ba su zame ba, ko kaɗan ba su motsa ba. Babu shiii, babu komai, sai wani ɗan gunji can ƙasa-ƙasa wanda sai ka kasa kunne za ka ji. Daga inda nake zaune, wallahi cewa za ka yi hutawa yake yi, fitilarsa ma tana kunne. Maigidana ya ce, "Yalla, yalla," ya ƙara murɗa wutar.

Yayana ya yi tsawa, "Kashe! Kashe shi!" Kafin hannu ya kai, wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin jirgin, fitilar ta dushe, ƙauri ya cika ɗakin. Maigidana ya fizge shi daga kan dogo, ya ƙona masa yatsu, bai sake shi ba. Taragan da aka raba da kai suka gangaro da baya, suka tuntsure a gindin tudu, ƙwallon dabino ya watse ko'ina.

 Maigidana ya zauna a ƙasa da jirgin a cinyarsa, yana hura masa iska kamar hakan zai yi wani amfani. Yayana, wanda bai san komai game da asibiti ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malesh, yi haƙuri. Ka ga da ya yi ƙara ko sau ɗaya, da mun cire masa. Yana ci da wuta a ciki, mu muna nan muna tafa masa."  Ni kuwa ina kallon baƙin jirgin nan, ina kallon ɗan tabon da ke wuyan hannun mijina, wanda yake rufewa da agogo. Na so in yi ihu in faɗi komai, amanar ta riƙe min harshe. Ana haka aka kira magariba, ya ajiye Bijimi a kan teburi, suka sauka masallaci.

Na daɗe a ɗakin ni kaɗai. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, na dai ga na naɗe jirgin a gefen mayafina na sauko da shi, har lokacin da ɗuminsa.

Bayan sallah falo ya cika. Ga Baffa a kan kujera da sandarsa, ga Auta, ƙanen maigidana, wanda a lokacin ya yi aure har da 'ya'ya amma har yau ana aikensa sayen burodi, ga yayana da aka ce ya tsaya ya ci abinci. Mata suna ɗakin ciki, ƙofa a buɗe. A al'ada nakan miƙa tiren shayi daga bakin ƙofa ne in juya. Ranar nan na shiga har tsakiya, na durƙusa na gaishe da Baffa, na ajiye tiren a gaban maigidana. A tsakanin butar shayi da kofuna, Bijimi ne a kwance. Ban ce uffan ba, ban kuma fita ba, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Baffa ya riga ya fara. Ya yi wa Hajiya addu'a, aka shafa, ya ce, "To, ga Hajji ya ƙarato. Wa zai riƙe mana girkin bana?" Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran kalmar da aka saba. Na ga leɓen mijina ya motsa. Sai idonsa ya sauka a kan tiren. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi, ban sunkuyar da kai ba. Sai Baffa ya shaƙi iska ya ce, "Wai me ke ƙauri ne? Mene ne wannan a cikin shayi?"

Maigidana ya ɗauki jirgin da hannu biyu. Ya ce, "Wanda Baba ya saya min ne, Baffa. Ya ƙone ɗazu." Baffa ya ce, "Subhanallahi, me ya ƙona shi?" Ya ce, "Ni ne." Ya shafa bututun da babban yatsa. Sannan ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tire, ya juya wuyan hannunsa sama. Ya ce, "Baffa, ban je Ɗa'if ba."

Ya faɗa musu komai, muryarsa tana karyewa, tun daga matakala har maganar likita. Da ya zo ƙarshe sai ya ce, "Bana ba zan iya ba." Shekarunmu da aure ban taɓa jin waɗannan kalmomi daga bakinsa ba. 

Na shirya wa faɗa. Na zata za a ce ya watsar da wasiyyar uwarsa, har na tanadi amsoshin da zan mayar. Baffa ya buga sandarsa a ƙasa, kuma faɗan ya yi, amma ba wanda na zata ba. Hawaye yana bin gemunsa ya ce, "Kai yanzu da ka faɗi a titi da tukunya a ka, me za mu ce wa uwarka ranar gobe? Ka so ka mai da mu azzalumai ba da saninmu ba? Wa ya gaya maka ba mu da tausayi? Kai ne ba ka taɓa ba mu wurin da za mu sa shi ba." A ɗakin ciki na ji ƙannensa mata sun fashe da kuka.

Sai Auta ya yi magana, shi da ba a saba jin muryarsa a irin wannan zama ba. Ya ce, "Yaya, wallahi kowace shekara da niyyata nake zuwa. Kafin in buɗe baki ka riga ka ce abshir. Har na ɗauka ba ka yarda da ni ba ne. Ni ma fa uwata ce." Maigidana ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Yayana kuwa, sarkin ba-zan-iya-ba, ya share ido ya ce, "Rabo da rana ba zan iya ba, kun san ni. Amma kasuwar asuba tawa ce."

Haushin da na ɗauko tun safe na nemi inda zan sauke shi na rasa. Mutanen da nake cewa ba su da ido, ashe abin da aka nuna musu suke gani, jirgi a tsaye da fitila a kunne. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu ne muka kashe musu fitilar.

A shekarar nan tuwon Hajiya bai fasa fita ba ko rana ɗaya. Auta ya riƙe shi, har yau kuma shi ke riƙe da shi, ya ma fi yayansa iya ciniki. Maigidana aka ajiye masa kujera a inuwa kusa da tukwane, aikinsa ɗanɗana gishiri da ba da umarnin da ba wanda yake bi. Ya yi fushi da ni na 'yan kwanaki, yana cewa na ci amana. Na ce ya kawo shaida ɗaya da ta ji na buɗe baki. Ya rasa, sai ya ce ai shi ya sa ba a ba mace alƙalanci.

Bayan Hajji shi da yayana suka samo wani injin suka sa wa Bijimi. Ina zaune maigidana ya zazzage darmar nan a tafin hannuna, ya ɓare robar daga ƙafafun. Yanzu in an jera masa taragai ya kai tsakiyar tudu, sai ka ji shiii, ƙafafu suna juyawa a banza. Duk lokacin da na jiyo sautin nan daga ƙasa, ina wanke-wanke ko ina ninke kaya, sai in tsaya in saurara, don na san hannun mijina yana can yana cire tarago ɗaya.

Mun taso ana koya mana cewa mutumin kirki shi ne wanda ba a jin kukansa, kuma ban ce ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma ranar nan ta koya min cewa wanda ya ɓoye gajiyarsa ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya hana masu ƙaunarsa ladan tausaya masa, ya kuma shirya musu nadamar da ba su nema ba. Faɗin "ba zan iya ba" a kan lokaci ba ragwanci ba ne, wata hanya ce ta barin mutane su zama 'yan'uwanka. Shi ya sa yanzu in ina yi wa 'ya'yana addu'a a gaban Ɗakin Allah, ba na tsayawa a kan Allah ya ba su ƙarfin ja. Nakan ƙara da cewa, ya kuma bar musu ƙafar da za ta iya zamewa.